DAC, amfilifaya ko sifika: ina ya kamata kuɗi su fara shiga?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Don Allah masana kayan sauti a taimaka min. Yayana ne ya bar min tsohuwar amfilifaya 'yar Japan irin mai farar fuskar nan mai nauyin tsiya, da sifiku biyu na katako, ni kuma so nake na haɗa ta da talabijin da wayata. To talabijin ɗin ba shi da ramin ja da fari na fitar da sauti, wani ɗan rami ne kawai mai jan haske a ciki an rubuta OPTICAL a ƙasansa. Na je kasuwa wani yaro ya ce sai na sayi DAC, na kusa da shi kuma ya ce na bar wahala na ɗauki hom tiyata mai wat 5000 kawai. Shi DAC ɗin menene aikinsa tukuna? kuma ita wannan da aka ce wat 40 ce za ta iya taɓuka wani abu kuwa?

Injiniya Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Kafin komai Malam, kar ka jona ta a wuta yanzu. Juya bayanta ka karanto mana abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ta shiga. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100, kuma kayan gwanjo daga ko'ina ake kwaso su. In ka ga 220 ko 230 ko 240 shikenan, in kuma 100 ko 120 ne kaɗai to sai da tiransifoman rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani tun kafin ka ji waƙa. Wasu suna da ɗan makunni a baya na zaɓar bolt, a duba inda yake tsaye.

Ɗan Fagge:
220V 50Hz aka rubuta Oga, sai kuma 180W a ƙasa

Injiniya Mai Gyara:
Alhamdulillah ka tsira. Wancan 180 ɗin wutar da take ci ce ba wadda take ba sifika ba, ka riƙe lambar za mu dawo kanta.

Ɗalibin Fiziks:
Bari na ɗauki ɓangaren DAC ɗin da izinin manya. Waƙar da ke cikin wayarka ko filash ko faifan CD ba sauti ba ce, lambobi ne zalla. Lokacin ɗauka ana auna ƙarfin sautin sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya ana rubuta kowane awo da lamba, a tsarin CD da Sony da Philips suka fito da shi kasuwa a 1982 sau 44,100 ake aunawa a daƙiƙa, kowane awo kuma da bit 16 wato mataki 65,536 tsakanin mafi ƙasa da mafi sama. Ita sifika ba ta san lamba ba, wuta mai hawa da sauka take so wadda za ta riƙa tura takardarta gaba da baya. To DAC shi ne ɗan guntun da yake karɓar lambobin nan ya mayar da su waccan wutar, sai dai wutar da yake fitarwa 'yar kaɗan ce ba ta wuce bolt 2 galibi kuma ba ta da ƙarfin motsa babbar sifika, nan ne amfilifaya take shigowa ta ƙara mata ƙarfi. Ke nan jerin shi ne fayil, DAC, amfilifaya, sifika, kunnenka. Kuma abin da 'yan kasuwa ba sa faɗa shi ne kana da DAC tuntuni, akwai a wayarka, akwai a talabijin, akwai a dikoda, duk abin da yake cin lamba ya fitar da sauti yana da shi a ciki.

Ɗan Fagge:
To in akwai a talabijin ɗin me ya sa zan sayi wani kuma?

Injiniya Mai Gyara:
Saboda na cikin talabijin ɗin sifikunsa kawai yake yi wa aiki, ba su ba ka ƙofar da za ka ɗebo ba. Ramin mai jan hasken lambobi yake fitarwa ta haske, Toshiba ne suka ƙirƙiro shi shi ya sa ake ce masa Toslink, amfilifayarka kuwa an yi ta tun kafin wannan zamanin ba ta da inda za ta karɓa. Don haka yaron bai yi maka ƙarya ba, kana buƙatarsa, amma ɗan ƙaramin akwatin nan mai optikal a gefe ɗaya ja da fari a ɗaya gefen ya ishe ka, kar wani ya ɗora maka na manyan kuɗi. Abu biyu. Na farko ka shiga saitin sauti na talabijin ka mayar da fitar dijital zuwa PCM, in ka bar shi a Dolby ko Auto ƙananan akwatunan nan ba sa iya warware shi, ko ka ji shiru ko ka ji wata muguwar ƙara shaaa, mutane da yawa sun mayar da kaya kasuwa suna faɗa alhali saiti ne. Na biyu ja da farin ka sa su a AUX ko TUNER ko TAPE, KAR ka sa a PHONO.

Baba Mai Garmaho:
Madalla da wannan gargaɗin. Ramin PHONO na garmaho ne yaro. Allurar garmaho wutar da take bayarwa ba ta wuce 'yan milibolt ba, shi ya sa ramin yake ninka ta sosai, sannan lokacin yanka faifai ana rage bes a ƙara siririn sauti don layukan su samu wuri, shi kuma ramin ya mayar da abin yadda yake. Ka zuba masa bolt 2 na DAC ka ji yadda sauti zai fashe. Ni dai ina nan kan bakana, duk wannan lambobin naku ba su kai faifai daɗi ba.

Ɗalibin Fiziks:
Baba ranka ya daɗe daɗi kam ba a musu da mutum a kansa, amma in maganar kusanci da abin da aka ɗauka a situdiyo ne CD ya fi faifai nesa ba kusa ba. Tazarar da ke tsakanin shiru da ƙara mafi girma a bit 16 wajen desibel 96 ce (desibel ma'aunin ƙarar sauti ne), faifai mai kyau da wuya ya wuce 70, ga ƙas-ƙas ɗin ƙura.

Baba Mai Garmaho:
Ƙas-ƙas ɗin ma ina so. Kai dai ka yi karatunka Allah ya ba da sa'a

Sarkin Sauti:
Ni fa ban yarda da wannan maganar ta ɗan ƙaramin akwati ya isa ba. Injiniya da girmanka wlh. Na yi shekaru ina jin waƙa kai tsaye daga laftof, ranar da na sayi DAC na kirki mai guntun ESS Sabre a ciki sai na ji kamar ba waƙoƙin da na sani ba, kalangu ya fito daban, muryar mawaƙi ta tsaya a tsakiya, har numfashinsa kana ji. Wanda bai gwada ba ne yake cewa duk ɗaya ne. Kamfanoni irin su ESS da AKM da Cirrus Logic ba mahaukata ba ne da za su yi ta kashe kuɗi a bincike in babu bambanci.

Injiniya Mai Gyara:
Sarki ban ce ba ka ji bambanci ba, na yarda ka ji. Tambayar ita ce me ka ji. Ramin iyafis na laftof da waya yawanci bolt 1 ne ko ƙasa da haka, DAC na tebur bolt 2, wannan kaɗai desibel 6 ne, kuma kunnen ɗan Adam duk abin da ya fi ƙara ko da kaɗan ne sai ya ce ya fi daɗi, ya fi bes, ya fi fita. Sannan laftof in yana kan caji ƙazantar wutar caja tana bin ramin ta shiga amfilifaya ka riƙa jin ziii da cirr in ka motsa maus, DAC na waje yana iya raba ka da wannan musamman ta optikal tunda haske ne ba ƙarfe ba babu hanyar da ƙazantar za ta bi. Wannan gyara ne na gaske. Amma ka ɗauki DAC biyu masu lafiya ka daidaita ƙararsu da mita, ka juya baya wani ya riƙa canza maka ba ka gani, in ka iya faɗar wanne ne wanne sau tara cikin goma ni zan biya kuɗin shayi da ƙwai.

Sarkin Sauti:
Na karɓa. A shagonka ko a gidana?

Injiniya Mai Gyara:
Gidanka, da kayanka, da waƙar da ka zaɓa don kar a ce an yi maka maguɗi 😂

Ɗalibin Fiziks:
Ni a kira ni na riƙe mita. Kuma Yaya Sarki wannan 192kHz, wato awo 192,000 a daƙiƙa, da 32 bit da ake bugawa a jikin kwalin DAC, kunnen yaro mai lafiya iyakar siririn sautin da yake ji wajen 20,000Hz ne, wato girgiza 20,000 a daƙiƙa, mu da muka girma cikin ƙarar janareta da hon ɗin adaidaita sahu ko 16,000 da wuya. Ƙa'idar ita ce in ka auna sau biyu na sauti mafi siriri da kake son kamawa ka kama shi duka, 44,100 ya rufe har 22,050. Manyan lambobin suna da amfani a situdiyo wajen haɗa waƙa da gyara ta, a falo kuwa cin memori ne.

Maman 'Yan Biyu:
Ku dai kuna ta lissafi. Ni tambayata ina kuke samun waƙoƙin da za ku ji duk wannan bambancin? mu dai abin da ake tura mana a filash wajen masu turi shi muke ji, wani ma daga bidiyo aka ciro shi an tura ta WhatsApp ya zaga duniya

Injiniya Mai Gyara:
Hajiya kin taɓo inda yake ciwo. CD yana zuba kilobit 1,411 a daƙiƙa, wajen megabait 10 duk minti ɗaya. MP3 mai 128 wajen megabait 1 ne a minti, ke nan an zubar da kusan kashi tara cikin goma, da dabara dai ake zubarwa ana cire abin da kunne bai cika lura da shi ba shi ya sa har yanzu yake jiwuwa. Mai 320 in an yi shi daga asali mai kyau yawancinmu ba za mu bambance shi da CD ba. Amma wanda aka matse aka sake matsewa har waƙar minti biyar ta koma megabait 2, abin da ya tafi ya tafi, ka sa shi a DAC mai tsada daidai yake da ka zuba ruwan kwata a sabuwar randa. FLAC shi ne wanda ake matsewa ba a zubar da komai, yana cin wajen rabin girman na CD ko sama da haka kaɗan.

Ɗan Fagge:
Na gane wannan. Saura maganar wat, don gsky 5000 da 40 ba kusa ba, zuciyata tana ta raya min hom tiyatar nan

Injiniya Mai Gyara:
Yauwa dawo da lambar da na ce ka riƙe. Taka tana cin wat 180 daga soket ta ba kowace sifika 40, lissafi ya zauna, saura ya tafi a zafi. Yanzu ka koma shagon ka juya bayan mai 5000 ɗin ka karanta wutar da take ci, za ka ga abu kamar 60 ko 80. Ta ina na'urar da ta ci 80 za ta fitar da 5000? In ka duba da kyau za ka ga PMPO a gefen lambar da ƙananan baƙaƙe, wannan awo ne da ba shi da wata ƙa'ida kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Wanda ake kamawa shi ne RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore, a kan om nawa (om shi ne awon turjiyar da sifika take yi wa wuta), sifiku biyu suna aiki tare. Akwai wata amfilifaya NAD 3020 da ta fito a 1978, wat 20 kacal aka rubuta mata kowane gefe, tana cikin waɗanda aka fi saya a tarihin kayan nan kuma har yau ana nemanta a gwanjon Turai.

Ɗalibin Fiziks:
Ƙari a kan na Oga, wat ba ya tafiya da ƙara yadda mutane suke zato. In ka ninka wat sau biyu desibel 3 kawai ka ƙara, ɗan motsi ne. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai ka ninka wat wajen sau goma. Sifikar da aka rubuta mata 88dB tana nufin wat 1 tak yana ba da desibel 88 in kana mita ɗaya daga gabanta, wat 10 ya ba da 98, wat 100 ya ba da 108. Kuma masana lafiyar ma'aikata cewa suke desibel 85 na awa takwas shi ne iyaka kafin kunne ya fara lalacewa. Ke nan zaman falo na yau da kullum wat ɗaya zuwa biyar kake ci, sauran ajiya ce don lokacin da ganga ta buga da ƙarfi. Sifika mai 91dB kuwa rabin wat ɗin mai 88 take buƙata ta yi ƙara iri ɗaya, shi ya sa lambar sifika ta fi ta amfilifaya muhimmanci amma ba mai tambayarta a kasuwa.

Sarkin Sauti:
A nan kam muna tare. Kuma a gaya masa ƙaramar amfilifaya da aka murɗe har ƙarshe ta fi babba kashe sifika. Da ka ji sauti ya fara tsagewa to ta ƙure, tana yanke kan igiyar sautin, tuwita, ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririn sauti, ita ce take fara ƙonewa. Rage kawai.

DJ Na Layi:
Oga ni fa sifiku huɗu nake ɗaura wa tawa gefe ɗaya biyu, tana yi amma tana zafi har ba a iya taɓawa, jiya ma ta ɗauke ana tsakiyar kamu

Injiniya Mai Gyara:
Om nawa ne kowace?

DJ Na Layi:
4 aka rubuta

Injiniya Mai Gyara:
To kai kake kashe ta da hannunka. Biyu masu om 4 in ka haɗa ja da ja baƙi da baƙi sun koma om 2, yawancin na gida daga 4 ne zuwa 16, wasu ma 8 ne mafi ƙasa an rubuta a bayansu. Duk sanda om ya sauka wutar da tiransista take ja tana hawa. Ka gode Allah taka mai kariya ce ta ɗauke da kanta, wata sai dai ka zo na canza maka tiransistocin nan 5200 da 1943 kuma na kasuwa yanzu jabu sun yi yawa. Ko ka jera su ɗaya bayan ɗaya su zama om 8, ko ka nemi ta biyu. Kayan falo ma ba na gidan biki ba ne tun asali.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa, ina biye da ku daga nan Nijar. Mu namu kayan ta Kwatano suke zowa daga Faransa da Beljiyam, kuran ɗinsu ɗaya da namu babu matsala. Tawa damuwar sola ce, in na kunna anfili a kan inbata sai ya riƙa gurnani huuum daga cikin akwatin kansa ba daga sifika ba, in kuran na gari ne shiru. Mi ke kawo hakan?

Injiniya Mai Gyara:
Barka Malam. Inbatarka ce ba mai tsaftatacciyar wuta ba, irin mai arhar nan da take fitar da wuta mataki-mataki maimakon lanƙwasa mai santsi. Tiransifoman cikin tsofaffin amfilifaya ba ya son ta, zai yi kuka ya yi zafi. Ko ka nemi wadda aka rubuta pure sine a jikinta, ko ka bi wata hanyar da ta fi sauƙi ga mai sola, wato amfilifaya ajin D. Tsofaffin nan ajin AB ne kusan rabin wutar a zafi take tafiya, ajin D kuwa wajen kashi 90 cikin 100 yana isa sifika. Akwai ƙananan allunan nan masu guntun TPA3116 na Texas Instruments, kai tsaye daga batir suke ci babu ruwanka da inbata. Sai dai a kula, iyakar guntun bolt 26 ne, batir mai 24 kuwa in rana ta buɗe yana caji yana kaiwa 28 har sama, zai ƙone shi. A batir mai 12 lafiya lau amma kar ka sa ran wat 50 da aka rubuta, a sifika mai om 8 wajen wat 9 za ka samu, a mai 4 wajen 18. Cajar laftof mai bolt 19 ma tana tuƙa shi da kyau.

Na Maraɗi:
Wat 9 ba ta yi kaɗan ba?

Ɗalibin Fiziks:
Koma sama ka karanta lissafin 88dB Malam, 9 ta isa ɗaki har maƙwabta su yi sallama

Ɗan Fagge:
Jama'a na samo akwatin na haɗa, na sa PCM, yana yi. Amma bes ɗin kamar babu shi kuma murya ba ta tsaya wuri ɗaya ba, sannan in na murɗa bolum yana ƙarr ƙarr gefe ɗaya yana ɗaukewa

Baba Mai Garmaho:
Ka juya wayar sifika ɗaya. Duba da kyau, ja na amfilifaya ya tafi ja na sifika a duka biyun. In ɗaya ta juye to tana turawa ɗayar tana ja, bes ɗin ya cinye juna. Ƙarr ɗin kuma ƙurar hunturu ce ta shekaru ta shiga cikin bolum, akwai feshin wanke kan lantarki, a cire wuta a fesa a murɗa shi gaba da baya sau da yawa. Kar ka kuskura ka ɗiga masa man keken ɗinki ko man juye.

Injiniya Mai Gyara:
Baba ya gama magana. In za a buɗe ta dai a kai wa mai gyara, manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta ko bayan an zare soket, kuma na'urar da ta haura shekara 30 ya kamata a duba ko sun kumbura ko sun bushe. Sifikun kuma kar ka cusa su a lungu ko cikin shokes, ka ɗaga su tuwita ta zo daidai kunnenka in kana zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazararka da kowace. Falo mai tayil da silin POP babu labule amsa kuwwa yake yi, kafet da labule masu kauri za su canza maka sauti fiye da duk wani DAC da Sarki zai nuna maka.

Sarkin Sauti:
Na ji dai. Ranar Asabar za a gani

Maman 'Yan Biyu:
Ni abin da na ɗauka a nan ashe leshin da nake rufa wa ta Baban su don ƙura shi ne yake sa ta zafi? har dikoda a kanta muke ɗorawa

Injiniya Mai Gyara:
Shi ne Hajiya. Ramukan saman nan numfashinta ne. In an kashe ta huce ki rufa abinki, in tana aiki a yaye, dikoda kuma a sauke shi a bar mata kamar faɗin tafin hannu a sama.

Ladan:
Afuwan na shigo a makare. Masallacin unguwarmu an sayi sabuwar amfilifaya an ce na ɗauki tsohuwar Ahuja ɗin, zan iya sa ta a ɗaki na riƙa jin karatu da ita daga waya?

Injiniya Mai Gyara:
Za ka iya Malam Ladan, karatu da wa'azi kam za su fita tas don dama don murya aka yi ta. Amma hanya ɗaya ce ba ta raba hagu da dama, don haka sifika ɗaya ma ta wadatar. Wayar ka sa ta a AUX ba ramin makirfo ba. A bayanta za ka ga COM sai 4 da 8 da 16 sai kuma 70V ko 100V, wancan na ƙarshen na hon ɗin kan hasumiya ne masu tiransifoma a jikinsu saboda doguwar waya, in ka ɗaura sifikar gida a kansa za ka yi asarar sifikar ko amfilifayar ko duka biyun. Waya ɗaya a COM, ɗaya a lambar da ta yi daidai da om ɗin sifikarka. Turo hoton bayan nata da na sifikar na nuna maka wanne.